Tankin Fetur da Hancin Hajiya

Ina iya manta inda na ajiye makullin gida, ina iya manta ranar haihuwar 'ya'yana, wannan ma na sha yi har an daina yi mini fushi, amma jajiberin wata Babbar Sallah da muka yi a Lewisham, wata unguwa a London, yana nan daram a kaina, kuma ina jin da shi za a kai ni kabari. Ranar ce na tsaya a bakin gareji, ga azumin Arfa a bakina, ga gumi har cikin takalmi, na zuba wa safar hannu ta wanke-wanke ido kamar ita ce alƙalin da zai yanke mini hukunci.

Bari in faro daga farko. Ni direban bas ne, irin jan nan mai bene, kullum ina kan Old Kent Road ina kai mutane ina dawo da su. Tun ina yaro a Kano nake da ciwon mota. Duk unguwarmu babu wanda ya kai ni iya motar kara, kuma silifas ɗin gidanmu sun sha wahala a hannuna, don da su nake yanka taya. Da girma ya zo, yara suka tasa, sai ciwon ya dawo sabo. Wani abokin aiki ya nuna mini abin da suke kira kit car: kamfani ya aiko maka da ƙashin mota da jikinta a cikin kwalaye, kai kuma ka nemo inji da giya daga wata tsohuwar mota, ka zauna ka ɗaura komai da hannunka. Kujera biyu gare ta, ba rufi, ba ƙofa, ga ta ƙasa-ƙasa, in ka zauna a ciki kana iya tsintar kwabo a kan kwalta ba tare da ka sauka ba. Ina gani na ce ai wannan motar kara ce ta manya. Na kama hayar ɗaya daga garejojin council, wato ƙaramar hukuma, da ke bayan flat ɗinmu, na faɗa aiki.

Matata, wadda nake kira Hajiya, ungozoma ce a asibiti, kuma Allah ya ba ta haƙuri. Ta tarar da kabireto a bahon wanka ta yi shiru. Ta nemi tukunyar miyarta ta same ta cike da notina, ta ce Allah ya shirya. Yara suna ce wa motar "Dad's bathtub", wato bahon wankan Baba, ita kuwa ba ta taɓa sa baki a tsokanar ba. Saboda haka ranar da kujerun suka iso na ɗaura su, sai na bar ta hagun a cikin ledarta, na kira Hajiya na ce, "Wannan taki ce. Babu wanda zai zauna a kai kafin ke, ko da firaminista ne ya roƙa. Ranar Sallah da ita zan kai ki idi masallacin Regent's Park." Ta ce, "Allah ya kai mu, Malam," irin yadda ake ce wa yaron da ya ce zai sayi jirgin sama.

Komai lafiya har ranar da tankin fetur ya iso. Na alminiyam ne, yana ta ƙyalli, na ɗauko shi kamar jariri ina nuna mata inda zai zauna. A irin wannan mota tanki a baya yake, dab da bayan kujeru, tsakaninsa da gadon bayan mutum bai fi kamu ɗaya ba sai wani falle na ƙarfe da ya raba su. Ina cikin zuba sai na lura Hajiya ta ja da baya. Na san dalili, sai dai murna ta sa na sha'afa. Tana yarinya a Zariya, lokacin wata wahalar mai, maƙwabcinsu yana ɓoye jarkokin fetur a ɗaki yana sayarwa. Wata rana wuta ta tashi. Yayanta ya shiga fito da yaran gidan, ya fito da su, amma har yau hannunsa na dama bai miƙewa sosai. Tun daga nan ko gidan mai muka shiga sai ta rufe gilashi ta toshe hanci da mayafi.

Ta ce, "Malam, ni ba zan hana ka abinka ba. Amma in na ji warin fetur a jikin motar nan, ko kaɗan ne, ba zan shiga ba. Kada kuma ka ce za ka lallashe ni."

Duk wanda bai san hancin Hajiya ba zai ɗauka sharaɗin mai sauƙi ne. Matar da take sauka daga jirgi a tashar Lewisham ta bugo waya ta ce a rage wa shinkafa wuta ta fara kamawa. Matar da na taɓa cin tsire a ɓoye a Peckham, na wanke baki, na ci cingam, na kwana, da safe ta ce mini yajin ya yi citta da yawa. Nan take na gane jarrabawa biyu ke gabana, ta hukumar da ke ba mota lamba da ta Hajiya, kuma ta hukumar wasan yara ce.

Ba ni kaɗai nake wuni a garejin ba. Akwai wani dattijo mutumin Kumasi, muna sallah tare, yana da shagon kayan abinci a kasuwar Lewisham wanda 'ya'yansa suka karɓe masa. Da can direban babbar mota ne tsakanin Kumasi da Tamale. Kullum zai zo ya kife bokiti ya zauna, yana ba ni shawarar da ban nema ba, da Hausarsa ta zango wadda ba ruwanta da mace ko namiji. Ni ina ce masa Alhaji, shi kuma bai taɓa kirana da komai ba sai Bakano.

Tankin nan na ba shi kulawar da ban ba kaina ba. Na shimfiɗa masa roba a ƙasa don kada ƙarfe ya riƙa gogar ƙarfe, na ɗaure shi da maɗauri biyu, na sa wani faranti tsakaninsa da salansa don zafi kada ya isa gare shi. Sai aka zo kan bakin zuba mai. Nan ne dole in huda rami a jikin motar ta baya, jikin da na riga na yi wa fenti kore mai sheƙi har ina gyara hula a cikinsa. Na auna, na goge, na sake aunawa, na je na sha shayi na dawo na sake aunawa. Alhaji ya ce, "Bakano, wanda ya gina Makka bai auna haka ba. Huda mana." Na yi bisimilla na kafa injin huji. Ƙarar da ya yi har cikin haƙorana na ji ta. Da faifan da injin ya yanke ya faɗo, na sa bakin ya zauna cif, na tashi na yi wata 'yar rawa wadda na gode Allah babu kyamara a wurin.

Murnar ba ta daɗe ba, don bakin da ke jikin mota da wuyan tanki ba su kalli juna sosai ba, sai da tiyo mai lanƙwasa. Washegari sai ga Alhaji da tiyon lagireto na babbar mota a cikin leda, ya ce daidai yake, ya gwada da ido. Kuma gaskiya da na sa, ya shiga kamar don shi aka yi. Na cire na miƙa masa abinsa. Na ce tiyon ruwa ne, fetur zai cinye shi a hankali ya yi laushi kamar tuwon jiya. Ya ce shi da irinsa ya yi shekaru yana hawa dutsen Mampong. Na ce, "Alhaji, a bayanka buhunan doya ne, ni a gefena Hajiya ce." Na yi odar ainihin tiyon fetur, na jira ya iso, na ɗaure kowane gefe da kilif bibbiyu. Na ja wata 'yar waya daga bakin zuwa ƙashin motar don kada tartsatsi ya tashi lokacin shan mai. Na samo murfi mai makulli.

Saura abu ɗaya, ɗan siririn tiyon da tanki ke numfashi ta cikinsa. Tanki ma yana bukatar iska: in mai ya ragu iska ta shiga, in zafi ya kumbura shi iska ta fita. Na ɗaga tiyon sama ya wuce tsayin bakin, na lanƙwaso shi ya sauka ta ƙarƙashin motar can nesa da salansa, na sa masa ɗan bawul da ke rufewa in mota ta kife, Allah ya kiyaye. Alhaji ya kalli wannan aiki ya girgiza kai ya ce, "Tanki har da hanci. Turawa sun lalata ka."

Ranar gwajin hukuma na cika tankin irin cikawar Turawa, da famfo ya yi ƙas na cire na mayar. Mai gwajin wani Bature ne mai tocila, fuskarsa kamar an aiko masa da saƙon rasuwa. Ya shiga ƙarƙashin motar ya fito, ya ja wannan ya murɗa wancan. Da ya zo kan tankin ya daɗe yana haskawa, sannan ya ce, "Neat job." Wato aiki ya yi tsaf. Kalma biyu kacal, amma na maimaita su ga duk wanda ya yi kuskuren gaishe ni a watan nan, har fasinjoji. Lamba ta fito ana saura 'yan kwanaki Sallah.

Ranar jajibere aka tashi da irin zafin da London ke yi sau ɗaya a shekara, wanda Turawa ke tuɓe riga su kwanta a ciyawa kamar an shanya su. Na ce bari in je in sha mai saboda gobe. Gidan man yana nan kusa, bayan layinmu. Alhaji ya ce zai raka ni, ya kai hannu zai hau kujerar hagu, na ce ya yi haƙuri, ledar nan ba shi zai yage ta ba. Ya bi ni a baya da tsohuwar motarsa ta ɗaukar kaya yana mita.

Na sa famfo, mai yana shiga lafiya lau, ba tari ba amai, abin da ya nuna bakin da na haɗa ya yi daidai. Famfo ya yi ƙas. Zan cire ke nan Alhaji ya riƙe mini hannu.

"Shi ke nan? Gobe Sallah fa. Motan nan bai ƙoshi ba."

"Ya cika, Alhaji."

"Famfo ne ya ce ya cika. Kai ka yarda da famfo? Kai ba ka yi layin mai a Kano ba?"

Na yi kuwa. Na kwana a layi, na ci abinci a layi, na yi abokai a layi. Kuma duk wanda ya yi wannan rayuwar ya san abin da ake yi in an samu isa gaban famfo: a kama mota a girgiza ta, iska ta fito, mai ya ƙara samun wuri, don ba ka san ranar da za ka sake gani ba. Ban san lokacin da hannuna ya kama ƙarfen bayan kujera ba. Alhaji ya kama ɗaya gefen. Motar da ba ta fi nauyin babban rago biyu ba, muka shiga jijjiga ta har tayoyin suna neman barin ƙasa. Tanki ya yi ƙulu-ƙulu, na ƙara. Muka sake girgizawa, na sake ƙarawa, sai da fetur ya tsaya a bakin yana kallona ina kallonsa. Sai muka ji muryar yarinyar shagon ta lasifika tana tambayar ko lafiya a famfonmu: "Pump four, is everything all right?" Alhaji ya ɗaga hannu ya ce, "Very all right, my daughter." Na murɗa murfi na kulle, muka dawo gida muna jin mun ci riba a kan Ingila gaba ɗayanta.

Na ajiye motar a bakin gareji, cikin rana tsaka, don in goge ta da yamma. Na hau sama na yi azahar, na ɗan kishingiɗa. Wajen la'asar Hajiya ta ce, "Mu je in ga amaryar taka." Muka sauko, ina gaba ina taku kamar mai shirin karɓar lambar yabo. Ba mu ko kai kwanar garejin ba ta tsaya cak.

"Malam, fetur."

Na ce ai wata motar ce, unguwa ce, kowa da tasa. Muna shan kwana sai ga shi, wani jiƙaƙƙen tabo a ƙasan bayan motata, yana sheƙi da launin bakan gizo, ga ɗigo yana sauka a hankali. Da ta yi faɗa da na ji sauƙi. Ba ta yi ba. Ta riƙe hannunta na dama da na hagu, daidai inda na yayanta ya ƙone, ina jin ita kanta ba ta san ta yi hakan ba. Ta ce, "Ba komai. Gobe ni da yara za mu hau tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa ya ishe mu. Kai dai don Allah kada ka tayar da ita." Ta juya ta koma sama.

Na kalli kujerar hagu a cikin ledarta. Shekarun da na yi ina kwance a kan siminti mai sanyi, da yatsun da na fasa, da hutun da na cinye a garejin nan, duk saboda in ga matar nan a zaune a wurin ne, ba saboda Baturen mai tocila ba.

Alhaji ya iso yin la'asar ya tarar da ni ina watsa yashi a kan tabon. Ya ji abin da ya faru, ya tafi motarsa ya dawo da curin sabulun salo da wani guntun tiyo. Ya ce, "Tanki ya tsage ne. Ka murje sabulun nan ka liƙa a wurin, ko Tamale za ka je ba zai ɗiga ba. Kawo in zuƙo maka man tukuna." Ya kai tiyon baki.

Na ce, "Alhaji, azumi fa kake yi."

Ya tsaya da tiyo a leɓe. "Fetur yana karya azumi?"

"In ka haɗiye, sai dai mu tambayi liman a wajen jana'izarka."

Muka tura motar inuwa, na ɗauko ɗan famfon hannu na zuƙe man tas, wani a jarka, sauran a motar Alhaji, wanda ya ce wannan ne goron Sallah mafi daraja da Bakano ya taɓa ba shi. Na kwanta a ƙasa na bi tankin da yatsa. Jikinsa a bushe. Wuyansa a bushe. Kilif-kilif ɗin nan duk a bushe. Wuri ɗaya ne a jiƙe, ƙarshen ɗan tiyon numfashi. Nan na gane abin da muka yi. Mun cika tanki har ba wurin da mai zai motsa, na kulle murfi, na shanya shi a rana. Da ya kumbura sai ya bi hanya ɗaya tilo da na bar masa, ya zuba a ƙasa can nesa da salansa da kujeru, daidai inda na tsara. Wato aikina bai gaza ba. Ni da Alhaji ne muka zo da Kano da Kumasi gidan man Lewisham.

To amma in hau sama in ce wa Hajiya me? In ce wallahi ba ya yoyo? Maƙwabcinsu na Zariya ma ai rantsuwa yake yi cewa jarkokinsa a rufe suke. Na kalli sabulun da ke hannun Alhaji, sai dabara ta zo mini.

Na same ta a kicin tana yanka cincin. Na ce, "Hajiya, ban zo lallashi ba, kin riga kin hana. Aron safar wanke-wankenki na zo yi, da ke kanki. Tankin babu ko ɗigon mai a ciki yanzu. Ina so ki zo ki kama ni da hannunki. In kika samu inda yake yoyo, ko kamar bakin allura ne, na yi alkawari motar ba za ta ƙara fita daga garejin ba."

Ta ajiye wuƙar. Ta ce, "Ka san dai ba zan rufa maka asiri ba."

"Shi ya sa na zo wurinki ban je wurin Alhaji ba."

Ta wanke hannu ta biyo ni, da safar ruwan ɗorawa a hannunta. Na cire murfi, na sa safar a bakin zuba mai na ɗaure ta tam. Na toshe hanyar da mai ke bi zuwa inji. Na haɗa famfon keke da tiyon numfashi, na bayyana mata: zan hura iska kaɗan a tankin, safar za ta kumbura. In akwai ƙofa ko ta ina, iska za ta gudu safar ta kwanta. Ita kuma ta shafa ruwan sabulu a duk inda abu biyu suka haɗu, in da yoyo za ta ga kumfa tana tasowa. Alhaji ya jiƙa sabulun salonsa a kofi yana cewa shi dai ya san sabulu zai yi aiki a yau ko ta wace hanya.

Na fara bugawa a hankali. Safar ta motsa, ta miƙe, yatsu biyar suka tsaya a bayan motar kamar ɗan makaranta mai son ba da amsa. Maƙwabta suka fara leƙowa ta taga. Hajiya ta ɗaure mayafi a ƙugu, ta karɓi buroshi, ta durƙusa. Matar da ba ta iya tsayawa kusa da famfon gidan mai, ga ta da kai a cikin bayan motata, hancinta dab da tankin fetur. Ta shafa a wuyan tanki ta jira. Ta shafa a kilif na sama, na ƙasa, ta bi duk layin walda kamar mai duba jaririn da aka haifa yanzu, ba ta bar ko bayan kunne ba.

A kilif na ƙarshe ta ce, "Tsaya." Wata 'yar kumfa ce zaune a gefen tiyo. Zuciyata ta yi tsalle ta fita ta bakina ta tsallaka titi ta hau bas. Hajiya ta sa yatsa ta fasa kumfar, ta sake shafa ruwa, ta zuba ido. Ba abin da ya taso. Ta sake, ba abin da ya taso. Ta ɗago ta kalli safar, tana nan a tsaye, iska na kaɗa ta kamar tana gaishe da unguwa.

Ta miƙe ta goge hannu. "To in ba ya yoyo, man da na gani daga ina ya fito?"

Na kalli Alhaji. Alhaji ya kalli sama kamar mai neman wata. Hajiya ta kalle ni, ta kalle shi, ta kalli motar.

"Kun girgiza ta."

Na sunkuya ina kwance famfon keke.

"Malam, kun girgiza ta a gidan mai. A London."

Alhaji ya ce, "Kaɗan ne, Hajiya. Bakano ne ya fi ƙarfi."

Sai ta fashe da dariya. Ta yi dariya har ta zauna a kan bokitin Alhaji tana share hawaye. Ta ce babansu haka yake sauke su duka daga fijo a layin mai, ya jera su a gefe guda su yi ta turawa, ita ce ƙarama, aikinta ta riƙa leƙa bakin tanki tana cewa saura kaɗan. Shekarunmu da aure ban taɓa jin wannan labarin ba, kuma ban taɓa jin ta ambaci fetur tana dariya ba sai ranar. Na nuna mata ɗan tiyon da ya zubar da man, da dalilin da ya sa na kai shi can nesa. Ta saurara har ƙarshe. Sannan ta cire safarta ta ce, "Ban ce zan shiga ba fa. Da safe hancina zai faɗa."

Na wanke bayan motar da ƙasan garejin da sauran sabulun Alhaji har sai da simintin ya yi fari. Da sassafe na zuba mai daga jarka, rabin tanki, ban ƙara ko cokali ba. Na sa farar shaddata na tsaya kusa da motar ina jira. Hajiya ta sauko cikin leshi, da ɗaurin kallabi wanda tsayinsa ya fi motar. Ta zagaya ta a hankali. Ta tsaya a bakin murfin, ta sunkuya, ta ja numfashi mai tsawo. Ni kuwa nawa numfashin na ajiye shi gefe.

Ta zagayo hagu, ta sa farce ta yage ledar kujerar, ta naɗe ta ta miƙo mini. Ta tattare leshi ta ɗaga ƙafa ta shiga. "Sai ka tsaya kallona har a idar da sallah?"

Yara suka tafi a tube, mu kuwa muka bi ta New Cross muka hau Old Kent Road. Titin da nake bi kullum ina kallon mutane daga sama, ranar ina ƙasa ina kallon tayoyin bas a saitin kunnena. Wani abokin aikina ya gane ni a danja, ya danna hon har fasinjojinsa suka taso kallo. Hajiya hannu ɗaya a kan kallabi, ɗaya a kan gwiwata, tana cewa in rage gudu alhali ko keke yana wuce mu. Da muka hau gada muka tsallaka kogi na saci kallonta, sai na ga ta jingina bayanta sosai da kujerar, tankin yana bayanta kamu ɗaya, tana kallon ruwa.

A Regent's Park kafin in gama fakin mutane sun kewaye mu, Larabawa, 'yan Pakistan, 'yan Somaliya, namu na gida. Wani likita ɗan Katsina da muka sani ya ratso ya ce, "Ikon Allah. A ina aka sayo wannan?" Na buɗe baki zan fara jawabin da na yi shekaru ina shiryawa, Hajiya ta riga ni.

"Ba saye aka yi ba. Maigidana ne ya haɗa ta da hannunsa. Tankin kuma ni na duba."

Na karɓi takardun yabo a wurin aiki, an taɓa tafa mini a taron 'yan garinmu, amma duk in aka tara su ba su kai wannan maganar ba. Na shiga sahu kaina yana taɓa rufin masallaci.

Abin da ranar ta koya mini shi ne, mai tsoro ba a cire masa tsoro da rantsuwa, ko da takardar hukuma, ko da daɗin baki, wanda ni nake da shi buhu-buhu. Ka yi aikinka da gaskiya yadda zai jure bincike, sannan ka miƙa masa buroshin ya duba da kansa. Na kuma koyi cewa ba duk abin da wahala ta koya mana a gida ne ake ɗauka a kai ko'ina ba. Har yau motar tana nan, kujerar hagu ta Hajiya ce, kuma duk lokacin da muka shiga gidan mai famfo ya yi ƙas, sai in ji muryarta daga gefe: "Malam, hannunka a aljihu."